Sunan Baba a Akwatin Kwangila

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Yau Alhaji Ɗalha, shugaban kwamitin sayayya na hukumarmu, ya kira ni ofishinsa ya ce ni ce sakatariyar kwangilar bencinan makarantun firamare. Ni zan karɓi takardun masu nema, kuma ranar buɗe akwati ni zan tsaya gaban jama'a da lasifika in karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da ɗaukar wa wasu fayil a ofishin nan, yau dai ni ma an san da zamana. Nu'uman, wanda teburinsa ke kallon nawa kuma ya daɗe yana lasar leɓe a kan wannan aiki, ya yi mini murna da haƙora kawai.

Na sayo tsire a hanya. Kuskurena ɗaya, a tsakar gida na ba mijina Ɗayyabu labari, da ƙarfi, alhali Inna, mahaifiyarsa, tana bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago kai ba, amma hannunta ya tsaya.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

Inna ta aiko mini da kunun gyaɗa a wani kofi mai zanen fure. Tun da aka kawo ni gidan nan na Gwale ban taɓa ganin kofin a wajen kabad ba. Ta leƙo da kanta ta ce, "Ma'aikaciya, an tashi lafiya?" Shekaranjiya sunana "mai fita tun safe".

Gabana ya faɗi. Kunun da daɗi, na shanye.

Laraba, bayan magariba

Ɗayyabu ya shigo yana sosa ƙeya ya ce, "Baba zai shiga."

Na ce ina zai shiga? Ya ce kwangilar.

Don wanda zai tsinci littafin nan bayan raina: Baba mahaifin Ɗayyabu ne, kafinta a Ƙofar Ruwa, kuma duk cikin birni an san bencinsa. Ƙa'idar ofishinmu a fili take. In na jikinka ya nemi kwangilar da ke hannunka, ka faɗa kafin a buɗe akwati, ka koma gefe, wani ya karɓi aikin. In ka yi shiru aka gano, a yar da takardarsa, kai kuma ka san inda dare ya yi maka. "Wani" ɗin nan kuwa Nu'uman ne. Kuma in na koma gefe, Inna za ta ce arziki ya shigo har soro na tashi na buɗe masa ƙofar baya.

Na ce wa Ɗayyabu, "Ka gaya wa Baba don Allah ya haƙura bana. Baɗi in Allah ya kai mu ba ni ce a kai ba."

Ya ce to.

Da kaina ba zan iya gaya masa ba. Ni da Baba magana ba ta taɓa haɗa mu ba bayan gaisuwa, ita ma a durƙushe, kaina a ƙasa, shi kuma yana amsa wa bango. Mutanen gidan nan asalinsu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, kunyar ce ba ta ƙare ba, ni ma kuma a hannun kakata na tashi. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Akantan ofishinmu sunansu ɗaya, tun zuwana "Mai sunan Baba" nake ce masa, har sababbin ma'aikata suka ɗauka sarauta ce. Sunan yarinyar nan ma, 'yar farina, ba na faɗa. Na miji kam ina rubutawa, zamani ya zo. Ɗayyabu, Ɗayyabu. Ga shi nan har sau biyu, rufin bai faɗo ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, da hantsi

Na ce, "Ka faɗa?"

Ya ce, "Na gaya wa Inna, ita za ta gaya masa. Kin san ba na iya kallon idon Baba da irin wannan magana."

Namiji da gemu har ƙirji. To, an dai faɗa.

Asabar, 11 ga Mayu, da azahar

An kawo katako.

Mota ba ta shiga lungunmu, a ka aka riƙa shigo da shi tun safe. Soro ya cika har sama, saura wata 'yar hanya da sai mutum ya karkace yake wucewa. Mai ruwa ya maƙale da jarkokinsa, sai da aka jawo shi ta baya. Maƙwabta sun fito suna ta "Allah ya sanya alheri," kuma ni suke kallo, ba katakon ba.

Na tare Ɗayyabu. Ya ce ai katako kullum tashi yake yi, Baba ya ga gara ya saya tun yanzu, wannan ba shi da alaƙa da komai. Yana magana yana kallon silin.

Litinin, 13 ga Mayu, a ofis, kafin azahar

Hankalina ya kwanta. Na sake karanta sharuɗɗan da ni da hannuna na buga: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, takardar banki, hujjar ayyukan da aka taɓa yi, da samfurin benci guda. A ina Baba zai samo waɗannan? Mutumin da ko rasit ba ya bayarwa, "Allah ya amfana" shi ne rasit ɗinsa. Takardu za su kayar da shi ba da hannuna ba, kowa ya zagi gwamnati, in taya su.

Allah ya gafarta mini, yau na ci abinci sosai.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Luba.

Ƙanwar Ɗayyabu ce, tana aiki a shagon kwamfuta a Ƙofar Wambai, kuma tun tana ƙarama ba ta iya barin abu ya mutu da kansa ba. Ta faɗo ɗakina ba sallama tana kaɗa takardu. Ashe tun lokacin da wata makarantar kuɗi ta sayi kujeru a wajen Baba ta yi wa shagon rajista, kuma duk shekara tana zuwa ta biya masa haraji. Wa ya aike ta?

"Anti, kin gani? Saura ta banki kawai. Ba za mu ba ki kunya ba."

Na ce Allah ya yi albarka. Na duba takardun ciki da baya ko zan ga hatimin da ya karkace. Yarinyar nan ko waƙafi ba ta ɓata ba. A saman kowace takarda ga sunan kamfani da manyan baƙaƙe, kuma sunan kamfanin shi ne sunan Baba, cikakke, har da na mahaifinsa. Na kifa su a kan gado.

Alhamis, 16 ga Mayu, da safe

Gobe zan gaya wa Alhaji Ɗalha.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan masallaci

Juma'a rabin rana ce, ba a fara babbar magana a cikinta.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Ɗakina ya zama sakatariya. Tun safe mata ke sallama. Wata mijinta yana sayar da alli, wata ƙaninta yana da tsintsiya dami-dami, ita kuma Kulu mai awara ta zo ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Maman yara, wai gwamnati ba ta sayen awara ne? Ko ta masu gadi ce a ba ni." Na ce zan bincika. Ta bar mini awara a leda, na rasa ko cin hanci ne ko maƙwabtaka, sai na ba yarinyar nan ta cinye.

Da suka watse Ɗayyabu ya shigo da saƙo. "Baba ya ce ki yi ƙoƙari."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk girman da nake ba tsohon nan, ashe shi ma haka yake? Na ce, "Ka koma ka ce masa shigarsa za ta iya cinye mini aiki. Haka za ka faɗa, kada ka sa mata sukari."

Ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa na fara tsanarta.

Talata, 21 ga Mayu, da azahar

Na gaya wa Alhaji Ɗalha.

Na same shi yana cin gurasa a kan fayil. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani na gida da zai nemi kwangilar nan."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Malama Mardiya, a cikin ganuwar nan wane ne ba na gida ba? Duk wanda zai jefa takarda a akwatin can, in ba ɗan ƙanwar kakata ba ne to mun yi makarantar allo tare. In muka bi ta wannan, sai mu tafi Legas neman kafinta. Je ki yi aikinki."

Na fito sakayau. Na faɗa, Allah shaida ne.

Ban ce masa wane irin na gida ba. Bai tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Yau aka rufe karɓar takardu, kuma yau aka kawo samfura. Barandar ofis ta zama aji. Hanyar gwajinmu ba ta cikin kowane littafi, amma ba ta taɓa ƙarya ba: Mai sunan Baba ake kira ya zauna a tsakiyar benci ya ɗan girgiza. Allah ya hore masa jiki. Na Alhaji Yero aka fara gwadawa, ɗan kwangilar da bara ya kawo mana magani, bara waccan taki, bana kuma ya wayi gari kafinta. Bencin ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi sujada. Sai da mutum uku suka ɗago akanta. Alhaji Yero ya ce ai don yara aka yi shi, ba don manyan ma'aikata ba.

Ina cikin dariya na hango adaidaita sahu ta tsaya a bakin ƙofa, benci ya leƙo ta gefe biyu. Sai farar hular Baba. Ban san lokacin da na tsinci kaina a cikin sito ba.

Ina jin Nu'uman yana karɓar Baba, yana "Sannu da zuwa, Alhaji, ga akwatin nan, jefa da hannunka." Ina jin an kira akanta. Na kasa kunne in ji ƙara. Shiru. Sai muryar akanta yana cewa a bar masa wannan a ofishinsa har ranar buɗewa. Wani abu ya taso mini a ƙirji, kuma ba tsoro ba ne kaɗai, har da alfahari, abin haushi.

Da suka tafi Nu'uman ya turo ƙofar sito. "Malama Mardiya, lafiya?"

"Fayil nake nema."

"A duhu?" Ya kunna mini fitila. Sannan ya ce, kamar zancen banza, gwaggonsa a Gwale take aure, ta ce masa wani lungu ya cika da katako har ba a wucewa. Ya tafi yana 'yar waƙarsa.

Juma'a, 24 ga Mayu, da safe

Ya sani. Kuma ba zai faɗa ba sai an buɗe akwati, lokacin da faɗar za ta yi masa amfani.

Gobe Asabar. Litinin zan gaya wa Alhaji Ɗalha sosai-sosai.

Asabar, 25 ga Mayu, da yamma

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, soro kuma yoyo yake yi. Gida ya tashi gaba ɗaya, babba da yaro, ana kwasar katako ana rabawa ɗakuna. Ni ma na ɗauka, ya zan yi? Sakatariyar kwamiti ce da zani a ɗaure tana gudu da falankin ɗan kwangila a ka. Na yi karo da Baba a ƙofar soro, shi da nasa falankin ni da nawa. Na juya in ba shi hanya, shi ma ya juya ya ba ni, falankan suka sarƙe. Muka tsaya cikin ruwa, kowa yana kallon wani bango, har Luba ta zo ta raba mu tana dariya kamar za ta shiɗe.

Inna ta ce ɗakina ya fi kowanne tsaro. Yanzu shaidar laifina a ƙarƙashin gadona take, tana ƙamshi.

Lahadi, 26 ga Mayu, da hantsi

An yi sadakar waina. Inna ta zaunar da ni a kan dardumarta, ta ce wa baƙi, "Allah ya yi mana tuwona maina. Mai yin benci a gida, mai sayen benci a gida." Sannan ta matso ta tambaye ni a hankali ko ana guɗa a wajen buɗe akwatin, don ta san wa za ta tafi da ita. Na ce ba a yi. Ta ce gwamnati ba ta san daɗi ba.

Na ce, "Inna, Ɗayyabu ya kawo miki saƙona kuwa?"

Ta dafa ni ta ce, "Ya kawo, 'yar nan. Kunya ce ke damunki, na sani. Ki bar mini komai."

Litinin, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Alhaji Ɗalha yana Kaduna wajen bita, sai gobe da safe, ranar buɗe akwati, zai wuto kai tsaye zauren taro. Na kira wayarsa, a kashe. Na ji daɗi da na same ta a kashe, sannan na ji haushin kaina.

Ɗayyabu ya tafi Zariya ta'aziyyar wani da na tabbata ko sunan unguwarsu bai sani ba.

Na kulle ƙofa na tsaya gaban madubi, na riƙe mataji a matsayin lasifika. Na ce suna ne kawai, mutane dubu ke kiransa kullum a kasuwa. Na karanta na Alhaji Yero lafiya lau. Na zo kan na Baba, na buɗe baki, sai na ga fuskar kakata a madubin. Na sake gwadawa da Turanci, wai ko a bakin Bature ba laifi. Harshena ya ƙi.

Gaba kura, baya sayaki.

Talata, 28 ga Mayu, da sassafe

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Inna ta aiko da kunu da ƙwai biyu.

Talata, da yamma

Zafi ake yi yau. Ba abin da zan rubuta.

Laraba, 29 ga Mayu, da safe

Ba kunu. Kofin fure ya koma kabad, na ji ƙarar makullin.

Alhamis, 30 ga Mayu, da azahar, a gida

An ce in huta har kwamiti ya zauna a kaina. Tun da hutu nake, bari in rubuta.

Zauren ya cika. 'Yan kwangila a gaba da manyan riguna, Baba a layi na biyu da farar hularsa, Luba a gefensa. Aka buɗe akwati a gaban kowa. Aikina in ɗauki ambulan, in karanta sunan da ke bayansa, in miƙa wa Alhaji Ɗalha ya farke. Na karanta na farko, murya tangaran. Na biyu. Na uku. Har na fara jin daɗin lasifikar.

Na huɗu tun kafin in juya shi na gane, don gefensa ya yi tabon ruwan tofin Inna.

Na tsaya. Lasifika kuwa ba ta da sirri, numfashina kawai take watsawa har baranda. Alhaji Ɗalha ya ce, "Malama Mardiya, muna jin ki." Na ce, "Na huɗu." Ya ce, "E, na wane ne?" Na ce, "Na Baba ne." Wani daga baya ya ce, "Baban wa?" Zauren ya kwashe da dariya. Nu'uman ya jingina da kujera ya harɗe hannu, abin nema ya samu.

Alhaji ya ce, "Sunan kamfani za ki karanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Surukina ne, mahaifin mijina. Gida ɗaya muke. Katakon ma yana ƙarƙashin gadona." Wannan na ƙarshen ban san wa ya tambaye ni ba.

Dariyar ta ƙaru, amma tsofaffin da ke wurin ba su yi ba, kai kawai suka gyaɗa. Nu'uman ya miƙe ya ce ƙa'ida ta ce kafin a buɗe akwati, ga akwati kuma a buɗe. Alhaji Ɗalha ya ce amma ambulan a rufe yake. Nu'uman ya ce akwati aka rubuta, ba ambulan ba. Suka shiga musu, 'yan kwangila suka rabu gida biyu, Alhaji Yero ya fi kowa ɗaga murya a kan gaskiya da riƙon amana. Ni kuma ina tsaye da ambulan a hannu, gumi har cikin takalmi.

Sai Baba ya tashi. Bai kalle ni ba. Ya zo gaban tebur ya ce wa Alhaji Ɗalha, "Yallaɓai, a ba ni takardata. Na janye. Benci na zo sayarwa, ban zo in tsayar da 'yar mutane a rana ba."

Ambulan ɗin a hannuna yake. Ba zan iya miƙa masa a tsaye ba, sai na durƙusa a gaban kwamiti da lasifika da komai, na ajiye a gefen tebur. Ya ɗauka. Ya wuce ofishin akanta ya ɗauko bencinsa, Luba ta kama gefe ɗaya tana kuka, suka fita.

Da na faɗa tun ranar da na ga takardun Luba, da yanzu ambulan ɗinsa yana cikin waɗanda ake dubawa, kuma na ga samfuran duka da idona, na san wanda zai ci. Wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Tsohon nan ya yi asara saboda na ƙi sakin kujera, kuma shi ne ya tashi ya rufa mini asiri.

Juma'a, 31 ga Mayu, da hantsi

Na gaida Inna, ta amsa wa tukunya. Luba ba ta shigo ba. Kulu mai awara ta wuce ni a lungu kamar ba ta taɓa ganina ba.

Ɗayyabu ya dawo daga Zariya da rake.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Ban yi laɓe ba. Tagar ɗakina ce ke kallon soro, kuma Baba bai rage murya ba.

Ya kira Ɗayyabu da Inna. Ya ce, "Ɗayyabu, me na ce ka tambayo mini?"

Ɗayyabu ya amsa ƙasa-ƙasa, "Ka ce in tambaye ta ko shigarka za ta ɓata mata aiki. In za ta ɓata, ka haƙura."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ka ce ta yi ƙoƙari."

Na dafe bango. Baba ya ce, "Ita kuma me ta aiko?"

"Ta ce ka haƙura bana. Daga baya ta ce zai iya cinye mata aiki."

"Ni kuma me ya iso kunnena, Hajo?"

Inna ta ce, "To Malam, ni na ga yarinya ce mai kunya, in ta ce a'a ai e take nufi. Shi ya sa na ce maka ta ce ba matsala, a dai yi addu'a."

Sai Baba ya ce tsakanin ɗakinsa da nawa ko akuya ta yi tsalle ta kai, amma magana ta bi ta bakin mutum biyu ta iso da ƙafafunta a sama. Ya ce shi da ya san katako, bai taɓa ganin wanda ya lanƙwashe kamar ɗansa ba. Ɗayyabu ya shigo ɗaki daga baya ya miƙo mini rake. Na karɓa don in sami abin riƙewa, amma Allah ya sa na tuna zunubi, ban kwaɗa masa ba.

Duk kwanakin nan ina jin haushin Baba a kan maganar da bai faɗa ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Laraba, 5 ga Yuni, da azahar, a ofis

An ba ni takardar gargaɗi, an mayar da ni kan fayil. Alhaji Ɗalha ya ce da Baba bai janye ba, da maganar ta fi haka. Ya ƙara da cewa daga yau in an ce masa "na gida" zai tambayi ɗaki nawa ne tsakani. Nu'uman ne sakatare. Ya sayi sabon biro.

Mai sunan Baba ya tare ni a baranda ya tambaya ko bencin nan na sayarwa ne, bayansa bai taɓa samun hutu irin na kwanakin da bencin ya yi a ofishinsa ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, da hantsi

Da na buɗe ƙofa da safe na tarar da bencin samfur a bakin ɗakina, an goge shi. Ba wanda ya ce komai.

Katakon ya fara raguwa, wata Islamiyya ta sa a yi mata bencina, sauran kuma sai a hankali. Baba bai fita kasuwa ba yau. Ya zauna a tsakar gida da allon shagonsa a kan cinya, ya shafe tsohon rubutun da farin fenti, yana sabon rubutu. Ina bayan labule. Ya kira yarinyar nan ya ce, "Amaryata, zo ki karanta mini, idona ya tsufa." Ta haɗa baƙaƙen ɗaya-ɗaya, sai ta yi tsalle. Sunanta ne.

Na ce a raina, wayyo Baba, an gudu ba a tsira ba.

Sai ya ɗaga murya, yana kallon yarinyar, ya ce, "Baɗi zan sake shiga, in da rai. Luba za ta gyara takardu. Wannan sunan ma uwarki ba za ta iya faɗa ba, na sani, da gangan na zaɓa. Don haka ranar da aka yi sanarwa, a ranar za ta je ta gaya wa shugabanta ta koma gefe, kada ta jira lasifika. Ita ta riƙe aikinta, ni in shiga da bencina. Kuma daga yau duk mai saƙo a gidan nan kada ya bi ta wajen ubanki."

Inna ta yi tari a ɗakinta. Ɗayyabu ya tuna yana da aiki a waje.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Daga bayan labulen na ce, "Na ji, Baba. Ka yafe mini."

Burushin ya tsaya. Na jira ya amsa wa bango kamar kullum, ko ya ba yarinyar saƙo. Sai ya juyo wajen labulen ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Mardiya."

Ashe ya san sunana. Tun da aka kawo ni gidan nan yau na fara jin sa a bakinsa.

Da ya shiga ciki na fito na zauna a kan bencin, na yi kuka har jikina yana girgiza. Ko motsi bai yi ba.